Gwiwar Hannun Dilawar

Ranar da aka kai ƙarar Dilawar, shi ya ci mana wasan kurket. A Multan ne, rana tana dukan ƙeya, filin ya bushe ya tsattsage, irin filin da mai murza ƙwallo yake roƙon Allah ya ba shi. Shi kaɗai ya fitar da fiye da rabin masu dukan ƙungiyar can. Ni Inayat, aikina tsugunawa a bayan turaku ukun da mai duka yake karewa, ina kama duk abin da mai duka ya kuskure, kuma ran nan hannuwana ba su huta ba. Da aka tashi muka ɗauke shi a kafaɗa har ɗakin sauya kaya. Ba mu gama shan shayi ba manaja ya leƙo ya ce alƙalan wasa suna son ganin Dilawar da kyaftin.

A zamanin iyayenmu, idan alƙali bai yarda da hannunka ba, a tsakiyar fili yake ɗaga murya ya kunyata ka, a wuce wurin. Yanzu an waye. Zai bar ka ka gama, ya yi maka murmushi, ya miƙo maka hularka, sannan ya shiga ɗaki ya rubuta. Abin da suka rubuta shi ne suna zargin Dilawar ba sakin ƙwallo yake yi ba, jifa yake. A kurket hannu yakan zagayo ta saman kai ne a saki ƙwallo. Idan gwiwar hannu ta lanƙwashe, sannan ta miƙe daidai lokacin saki, wannan jifa ne, irin wanda ake yi wa karen da ya shigo gida. Doka ta yi rangwamen digiri goma sha biyar, tunda hannun ɗan Adam ba sanda ba ne. Abin da ya haura nan, a unguwanninmu sunansa batta, kuma gara a kira ka ɓarawo da a kira ka ɗan batta, don ɓarawo ana iya cewa yunwa ce ta sa shi.

Kada wani ya ce mini abin ya zo mana ba zato. Dilawar yana da ƙwallo iri biyu. Ta farko takan faɗi ƙasa ta karkato ciki wajen ƙafafun mai duka, kowane mai murzawa yana da irinta. Ta biyun, wadda muke kira Ɗayar, da riƙo kusan iri ɗaya take fitowa, amma idan ta taɓa ƙasa sai ta bi ta waje, ta bar mutum yana dukan iska. Ita ta fito da shi daga rumfar saƙar ubansa, ita ta sa aka ɗauke shi a ƙungiyar masaƙarmu, aka ba shi kujera a ofis wadda ba ya zama a kai. Ita ce kuma ba ta fita sai da taimakon gwiwa. Me ya sa yake sa riga mai dogon hannu a watan da kwalta ke narkewa a Faisalabad? Mai dafa mana shayi ma ya san amsa. Muddin muna ci, ba wanda ya taɓa tayar da maganar.

A motar dawowa, kujerar da ke kusa da shi ba kowa. Kaisar, kyaftin ɗinmu, wanda bakinsa ya saba da “ba shi Ɗayar, Dilawar” tun safe har yamma, ya zauna can gaba kusa da manaja yana cewa shi dama ya daɗe da shakka a kan hannun nan, kunya ce ta hana shi faɗa. Da kunnena na ji. Na tashi da gwiwoyina masu ƙara na koma kusa da Dilawar. Ba wai na fi su kirki ba ne, na dai girme su duka, kuma na gaji da kallon ƙeyar Kaisar. Dilawar ya jingina kai da gilashi yana kallon gonakin auduga har muka iso gida.

Aka sa masa ranar gwaji a Lahore. Manaja ya ce yana da biki, Kaisar ya ce ɗansa ba lafiya, sai ni na raka shi. Wani dogon zaure ne a cikin wata jami'a, sanyin na'ura kamar me, ga kyamarori jere a bango. Aka ce ya cire riga. Sai da ya dube ni tukuna. Shekaru muna sauya kaya a ɗaki ɗaya, amma kullum a kusurwa yake yi, ban taɓa ƙare wa damatsansa kallo ba. Sirara ne, farare tas, daga wuyan hannu zuwa yatsu kuma rana ta ƙona, sai ka ce ya sa safar hannu. Aka bi shi da wasu 'yan ƙananan abubuwa masu ƙyalli ana manna masa a kafaɗa da gwiwa da gadon baya. Ya tsaya a tsakiyar zauren yana rufe ƙirji da hannun hagu.

Babu mai duka, babu mai kamawa, raga ce kawai a can ƙarshe. Wani matashin malami mai ladabi ya nuna masa hoton wasan Multan a kwamfuta, ya ce abin da ake so shi ne ya yi daidai yadda ya yi a can. Tsofaffin hannu sun san yadda ake shiga wannan zaure: a ɗan sassauta, a rage murzawa, a bar Ɗayar a gida a ce an daina yin ta. Na gaya masa haka a mota, ya ce to. Amma da ya riƙe ƙwallo, ya ga mutane masu tabarau sun zuba masa ido, sai ɗan rumfar saƙa ya motsa. Tunda yake ba a taɓa tara masa masu ilimi su kalli aikinsa ba. Ya sako Ɗayar, ta juya a kan shimfiɗar roba kamar a filin Multan, ya waiwaya yana jiran wani ya ce madalla. Malamin bai ɗago daga kwamfuta ba, ya ce a sake. Ya sake, ya ƙara sakewa, kowace ta fi ta baya kyau. Ni ina zaune a benci na dafe kai.

A tasha muna jiran mota ya tambaye ni ko na ga ta ƙarshen nan, yadda ta tashi. Na ce na gani, kuma kyamarori ma sun gani, su da ba sa ƙifta ido. Sai a lokacin ya sha jinin jikinsa. Ya ajiye kofin shayin bai ƙarasa ba.

Sakamako ya zo kamar yadda na zata. Ƙwallonsa ta farko ta haura ka'ida kaɗan, Ɗayar kuwa ta ninka abin da aka yarda har da ɗori. An dakatar da shi daga saki a kowane wasa har sai ya gyara hannu ya koma an sake gwadawa. Seth Sahib, mai masaƙar, ya aiko da abin da ya kira adalci: a bar wa Dilawar kujerarsa zuwa buɗe kakar wasa mai zuwa. Idan ya dawo yana fitar da mutane, bismilla. Idan ba haka ba, akwai masu jira a layi. A satin aka kawo wani mai saki bahago daga Okara, aka ba shi ƙusar da Dilawar ke rataye jakarsa.

Ragar atisaye ta ƙarshe a filinmu tana kusa da kwatar ruwan rini, ba mai son ta saboda wari. Ba wanda ya kori Dilawar zuwa can. Masu duka ne kawai suka ce ba za su tsaya masa ba, wai hannun da ake gyarawa yana ɓata wa mutum ido. Ustad Barkat, kocinmu, tsoho mai son ka'ida, ya sa aka yanko bututun roba irin na famfo, aka tsaga shi biyu, aka shimfiɗa auduga a ciki, aka ɗaure wa Dilawar a hannun dama daga damtse zuwa kusa da wuyan hannu. A cikinsa gwiwa ba ta da inda za ta. Ya ce a fara daga tsaye, ba gudu, kamar wanda aka kawo yau. Ustad ya zo 'yan makonnin farko, daga nan hidimar wasanni ta ɗauke shi, sai dai ya ɗago mana hannu daga nesa.

Ya rage ni da shi da turke ɗaya, da sassafe kafin sauran su iso. Hunturu ya shigo da hazonsa mai kauri, har ina tsugune ba na ganin Dilawar sosai, sai dai in ji takunsa, sannan ƙwallo ta ɓullo. Na farko-farko ko ragar ba sa samu. Wata ta yi sama, wata ta faɗa kwata, ni ke sa hannu in tsamo. Yau in koma gida da shuɗin hannu, gobe da ja, gwargwadon abin da masaƙa ta rina. Matata ta ce idan aikin rini na koma in gaya mata, ta kawo mayafanta da suka koɗe. 'Yan ƙungiya kuma suka sa mini suna mai jinya, idan na shigo sai wani ya tambaya ya jikin mara lafiya.

Ma'aikatan da ke sauka daga aiki sukan bi ta bayan katanga a kan kekuna. Su ne a da suke tsayawa su roƙe shi ya sa musu hannu a hula. Yanzu wani zai ƙwala “Batta!” ya ƙara wuta, sauran su kwashe da dariya. Na taɓa bin ɗaya da turke har bakin titi, na dawo ina haki ina zagin iyayensa. Dilawar ko waiwaye bai yi ba.

“Bar su, Paji,” ya ce, sunan da suke kira na ke nan, wato yaya. “Ai ba ƙarya suka yi ba.”

Idan ƙungiya ta tafi wasa wani gari, dole ni ma in tafi. Mai gadin fili ne ya gaya mini yadda yake yi a ranakun nan. Zai zo da bokitin tsofaffin ƙwallaye, ya saki duka a kan turken, ya taka ya tsinto su ɗaya bayan ɗaya, ya dawo ya sake, har rana ta take. Ba mai ce masa ta yi kyau, ba mai ce masa ba ta yi ba. Idan mun ci a can, yakan bugo mini ya tambayi yadda bahagon ya yi, kuma ya ce in gaishe da kowa. Nakan ce suna amsawa, alhali ba wanda ya tambaye ni shi.

Ustad ya ce bututun na raga ne kawai. Dilawar ya ce hannun da ya shekara da shekaru yana koyon karkata, atisayen safe ba zai ishe shi ba. Sai ya riƙa yini da shi, a ofis, a kan babur, ba ya cirewa sai alwala da salla. Abin da bai yi tunani ba shi ne abinci. Hannun da ba ya lanƙwasa ba ya kai loma baki. Mu kuma a faranti ɗaya muke ci, a zagaye, kowa da gurasarsa yana dangwalar miyar waken nan da ake kira dal. Ran farko ya yago gurasa da dama, ya dangwala, ya rasa yadda zai yi da ita, sai ya miƙa wa hagu. Na kusa da shi ya janye hannunsa daga wannan gefen farantin. Washegari Dilawar bai zo cin abinci ba. Na same shi a bayan allon maki, ya juya wa fili baya, yana ci da hagu da sauri-sauri kada wani ya gani. Na ce ya cire abin nan na ɗan lokaci ya ci kamar mutane. Ya ce a ɗan lokacin ne hannun zai tuna. Abin ya tsaya mini a rai, na ji tausayinsa, na kuma ji haushin kowa har da shi.

Wata Juma'a ya ce in raka shi gida. Gidansu yana Ghulam Muhammadabad, ƙasa rumfar saƙa, sama ɗakunan kwana. Mahaifiyarsa ta daɗe da rasuwa, 'yan'uwansa mata sun yi aure, daga shi sai tsohon. Injina suna aiki, ba ka ko jin muryar kanka. Tsakanin layin injinan akwai wata siririyar hanya doguwa. Ya tsaya a bakinta, ya ɗaga hannun da ke cikin bututu sama. Kafin hannun ya miƙe tsaye, wuyansa ya daki ƙarfen rufi. Ya matso da baki kusa da kunnena ya ce nan ya koya. Yana yaro ubansa ba ya barin sa fita titi, sai ya yi ta saki a wannan hanya duk lokacin da aka ɗauke wuta, da ƙwallon tanis da aka naɗe da tef. Shi ya yi ta tsawo, rufin yana nan inda yake, hannun ya koyi sunkuyawa. Ya ce bai san haka ba sai bayan Lahore, da ya shigo da bututu ya ji ƙarfen ya tare shi.

Ubansa, Baba Rehmat, ƙarar inji ta tafi da kunnensa, magana sai da ihu. Ya kashe inji ɗaya don mu gaisa. Ya ƙwanƙwasa bututun da yatsa ya tambaya ko karaya ce, Dilawar ya ce gyara ne. Tsohon ya ce shi fa bai gane ba, ƙwallon ce ba ta isa inda aka aike ta? Aka ce tana isa. Ya kalli ɗansa, sannan ya nuna inji na ƙarshe a kusurwa, wanda aka lulluɓe da buhu.

“Wancan ba ruwansa da yadda ka lanƙwasa hannu,” ya ce, da ƙarfin da duk rumfar ta ji. “Duk ranar da suka gaji da kai, yana nan yana jiran ka.”

Da zuciya ɗaya ya faɗa. Aka hau sama aka kawo abinci, Dilawar bai ci na kirki ba.

Hunturu ya wuce, ƙwallo ta fara samun turke. Fatar gwiwarsa ta sale, ta warke, ta sake salewa. Da zafi ya dawo aka kwance bututun, hannun ya ci gaba da zagayowa a miƙe shi kaɗai. Ustad ya zo ya tsaya daga gefe, ya ɗauki hoto da waya, ya ce masha Allah, wannan ko a makaranta sai a nuna wa yara. Abin da Ustad ba ya gani daga gefe, ni ina ganin sa daga baya. Ƙwallon tana zuwa hannuna kusan a layin da ta faɗi, ba ta karkata sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ɗayar kuwa ba mu ko ambatonta. Sau ɗaya ya tambaye ni ko tana juyawa. Na ce tana ƙoƙari. Ya yi dariya ya ce, Paji, haka ake gaya wa amaryar da ba ta iya girki ba.

Zuwa Lahore na biyu, manaja da kansa ya kai shi a motar ofis. Ya ci gwajin, hannunsa bai ko kusanci sha biyar ɗin ba. Kaisar ya rungume shi a gaban kowa ya ce shi bai taɓa fid da rai ba, aka raba alewar laddu. Wayarsa da ta yi watanni ba ta ƙara sai idan ni na kira, ta dawo tana ruri ba hutu. Ya zauna cikinmu a faranti ya ci da dama, a hankali, kamar baƙo.

Wasan buɗe kaka a filinmu aka yi, da wata ƙungiya daga Sargodha. Seth Sahib ya zo da kansa ya zauna a ƙarƙashin rumfa, kuma kowa ya san abin da ya kawo shi. Dilawar ya fito da riga mai gajeren hannu, 'yan kallo suka tafa masa. Masu dukan Sargodha sun fara a tsorace, suna tuna mutumin bara. Ba su daɗe ba suka gane ba shi ba ne. Suka fara takowa gaba suna ɗaga ƙwallonsa ta saman igiyar iyakar fili. Ba wanda ya yi masa ihun batta, ba wanda ya yi masa ihun komai, kuma wallahi na so a ce an zage shi, don shirun ya fi yi mini ciwo. Bai fitar da kowa ba. Kaisar ya karɓi ƙwallo ya tura shi can bakin igiya, inda ya yini a tsaye shi kaɗai yana gyara hula.

Wasan ya zo ƙarshe a matse. Mu saura mutum ɗaya mu fitar, su kuma 'yan maki kaɗan suke nema, ga shi mai riƙe da sandar wani ƙato ne da ya yini yana gasa mu. Sauran masu saki duk sun cinye rabonsu, babu wanda ya rage sai Dilawar. Kaisar ya yafito shi, ya yafito ni, muka haɗu a tsakiyar fili, ya kare baki da hula.

“Ba shi Ɗayar,” ya ce. “Sau ɗaya tak. Ya saba da miƙaƙƙiya, zai tako gaba ya kuskure ta, Inayat Paji ya karya turaku, mu tafi gida.”

Na ce masa ko ya haukace ne. Alƙalan nan tun safe hannun yaron suke kallo, idan aka sake rubuta shi zai shekara ba a ko saurare shi ba, kuma kowa ya san shi ke nan.

“Idan bai fitar da wannan ba ma shi ke nan,” in ji Kaisar. “Dubi rumfa.”

Na duba. Seth Sahib ya riga ya miƙe, direbansa ya ɗauki jaka. Kaisar ya ce guda ɗaya a cikin yini wa zai gani, kuma shi da kansa zai yi magana da alƙalai. Ba zai yi ba, mun sani. Amma munafukin lissafinsa daidai ne, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Dilawar ya dube ni.

“Hannunka ne, ƙanena,” na ce.

Ya juya ƙwallon a tafinsa, ya gyaɗa kai.

Na koma na tsuguna, na ɗan gusa dama, inda Ɗayar take zuwa. Tun daga nesa na ga riƙon, na ga yadda ya karya wuyan hannu, ya buɗe ƙirji. Na san ita ce, kuma duk da haɗarin na ji daɗi, don na yi kewarta. Ya tako, ya yi ɗan tsallensa, hannun ya zagayo.

A miƙe ya zagayo, sambal. Ƙwallon ta fito a hankali ba murzawa, ta faɗi, ta taho kai tsaye inda ƙaton yake jira. Ya tako ya ɗauke ta. Ta wuce igiya, ta wuce katanga, ta faɗa harabar masaƙa.

Kaisar ya yi jifa da hularsa. A ɗakin sauya kaya ya ce ashe waliyyi ne da mu a ƙungiya, kowa ya zo ya nemi tubarraki. Kafin a gama kwance takalma magana ta zagaye fili: kyaftin ya ce a yi batta, Dilawar ya ƙi. Ustad Barkat ya shigo idonsa taf da ƙwalla, ya kama kan Dilawar ya sumbaci goshinsa, ya ce tunda yake koyarwa bai taɓa alfahari da ɗalibi kamar yau ba, an ci mu amma da mutuncinmu. Bahagon nan na Okara ya zo ya durƙusa ya gaishe shi. Daga baya manaja ya shigo da saƙon Seth Sahib, cewa ya yaba ƙwarai da halin Dilawar, za a shirya masa walimar ban kwana, har da ɗaukar hoto. Dilawar ya ce ya gode. Duk wanda ya miƙo hannu ya karɓa, ya ce ya gode.

Kafin magariba kowa ya watse, ɗakin ya rage ni da shi. Ina kwance ɗaurin ƙafafuna, shi yana zaune a benci bai ko cire takalmi ba.

“Paji,” ya ce, “na ga ka gusa dama.”

Na ce na gusa.

“To ka sani ke nan.” Ya dubi hannunsa a kan cinya. “Na yi niyya. Wallahi na yi niyya, ba rabi-rabi ba. Na ce idan za su kore ni su kore ni da ita. Na riƙe ta daidai, na karya wuyan hannu, na jira gwiwar ta yi nata. Ba ta yi ba.”

Na ce kowa yana ganin ƙi ya yi, ya bar su a haka, suna ne mai kyau, ba kowa ke barin fili da irinsa ba. Ya ce sunan wani ne, ba nasa ba.

Ya miƙe ya tsaya a tsakiyar ɗakin, ba ƙwallo a hannunsa. Ya zagayo da hannun a hankali, ya tsayar da shi a sama, ya lanƙwasa gwiwar da gangan, ya saki. Abin ya fito a sandare, kamar wani ne ke kwaikwayonsa don a yi dariya. Ya sake gwadawa, ya ƙara, bai yi ba. Sannan ya juyo gare ni, hannun yana nan a sama.

“Kai ka fi kowa ganin ta, Paji. Don Allah nuna mini. Yaya nake yi?”